Kama Da Wane Ba Ta Wane



A cikin ƙararrakin da ake kawowa zauren Maigida, babu mai nauyi a zukatanmu irin wadda ke biyo bayan haihuwa. Sai a haifi jariri zabiya, ko launinsa ya saɓa da na iyayensa, dangin miji su fara raɗe-raɗi tun ba a yanka ragon suna ba. Mun sha ganin mai jego ta bar ɗakinta tana hawaye, alhali ba ta aikata komai ba.

Mu dai a ganinmu, kamanni ba hujja ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa don an haife shi baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a cikinsu. Shi da bakinsa ya ce wataƙila gadon kakanni ne. Aka nuna masa ɗansa ma haka ne, ba a kuma yarje masa ya kore shi ba.

Ilimin likitanci ya zo ya ƙarfafa wannan. Yawanci yaro ba ya zama zabiya sai ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba duka, kowannensu yana ɗauke da ita a ɓoye. Idan suka haɗu, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya bisa huɗu. Ashe uban da ke zargi, rabin abin daga jininsa ya fito.

Hatta gwajin DNA yakan gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. A 2002, a jihar Washinton ta Amurka, gwaji ya nuna Lydia Fairchild ba ita ce mahaifiyar 'ya'yanta ba. Ta sake haihuwa a gaban shaidar da kotu ta tura, sakamakon bai sauya ba. Daga baya aka gano tun tana ciki ƙwai biyu ne suka haɗe suka zama ita, jikinta yana ɗauke da tsarin gado iri biyu.

Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, kuma ba raina gwaji muke yi ba. Gaggawa muke tsoro. Zango wuri ne ƙarami, magana kuwa zarar bunu ce. Kafin a ɓata sunan 'yar mutane, a je asibiti, a tambayi malamai, a kame baki.

Allah Ya rufa mana asiri.