Raddi Ga Masu Cewa Miji Da Mata Su Zuba Kuɗinsu A Asusu Ɗaya

Akwai wata fatawa da ba daga zauren malamai ta fito ba, amma ta fi fatawoyi da yawa yawo a 'yan shekarun nan. Ana jin ta a shirye-shiryen rediyo na zaman iyali, ana jin ta a wajen walima idan aka ba mai nasiha dama ya yi wa ango da amarya huɗuba. Wai ma'aurata na gari ba sa raba asusun banki: albashinsa da nata, ribar shagonsa da kuɗin ɗinkinta, duk a zuba su wuri ɗaya da sunayensu su biyu. Wanda ya ƙi, in ji su, akwai abin da yake ɓoyewa. Masu wannan ra'ayi ba mugunta suke nufi ba. Sun ga gidajen da rowa da ƙumbiya-ƙumbiya suka rusa, suka nemo magani. Sai dai maganin nasu ya fi cutar da wadda suke cewa suna karewa, wato matar. Bari mu bi hujjojinsu.

Suka ce: aure haɗuwa ce, mutum biyu sun zama ɗaya, to me zai sa aljihu ya zama biyu?

Magana ce mai daɗin ji a bakin mai huɗuba, amma ba haka shari'a ta ɗauki aure ba. Ɗaurin aure yana halatta zama, yana wajabta wa miji ci da sha da tufafi da muhalli, yana sa a gaji juna. Bai taɓa mayar da dukiyar wani ta zama ta wani ba. Aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta mallaka wa mace sadakinta, ta kuma ɗora halaccin cin wani abu daga cikinsa a kan yardarta da daɗin ranta. Aya ta 32 ta ba kowane jinsi rabon abin da ya nema da guminsa. Ga kuma ƙissar Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito: ta aika Bilal ya tambayar mata ko sadakarta za ta isar idan mijinta ta bai wa, aka ce tana da lada biyu, na zumunta da na sadaka. Da aljihunsu ɗaya ne, tambayar ba ta da ma'ana, domin mutum ba ya yi wa kansa sadaka. Haɗa dukiya kuwa babi ne daban a littattafan fiƙihu, babin tarayya, mai nasa sharuɗɗa. A mazhabar Malikiyya sai an san jarin kowa, a raba riba da asara gwargwadon jarin. Asusun da kowa ke zubawa yana ɗiba ba tare da rubutu ba bai cika ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na san wani ɗalibin fiƙihu zai ɗaga hannu ya ce ai Malikiyya sun ba miji ikon hana matarsa kyautar da abin da ya haura sulusin dukiyarta. Haka ne. Amma ikon hana kyauta ne, bai shafi saye da sayarwarta ba, bai kuma mallaka masa ko kwabo ba, sannan Hanafiyya da Shafi'iyya ba su ma yarda da shi ba. Hasali ma hukuncin hujja ce a kan masu cewa a haɗa asusu: ta yaya za a san sulusin dukiyar mace idan dukiyar ba a ware take ba?

Suka ce: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyawa saboda sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai. Ya yabe su, amma abinci suke tarawa idan guzuri ya yi ƙasa a wajen yaƙi ko abincin iyali ya ƙaranta a Madina, su raba a take, a cinye. Taimakon juna ne na lokacin ƙunci. Ba albashin shekara ashirin aka tara ba, babu kuma magadan da za su zo daga baya su tambayi inda rabonsu ya shiga.

Suka ce: bincike ya tabbatar da cewa masu asusu ɗaya sun fi jin daɗin aure. Binciken da suke nufi yana nan, ban kuma raina shi ba. Jenny Olson ta Jami'ar Indiana da abokan aikinta ne suka wallafa shi a 2023. Sun bi ma'aurata 230 na tsawon shekara biyu, aka sa wasu su haɗe asusu, wasu su raba, wasu aka bar su da zaɓinsu, sai aka tarar waɗanda suka haɗe sun fi sauran gamsuwa da zamansu. To, amma su waye waɗannan mutane? Amurkawa ne, sababbin aure ko masu shirin yi, kowa a aurensa na fari, a ƙasar da doka ta haramta auren mace fiye da ɗaya. Shekara biyun farko kuwa ko a nan amarci ne. Binciken bai kai ga ranar da aka yi kishiya ba, bai kai ga ranar rabon gado ba, can kuwa rigimarmu take.

Ya kamata kuma a san tarihin da abin ya fito daga cikinsa. A Ingila, a da can mace na yin aure kuɗinta da kayanta sun koma hannun miji. Sai dokokin 1870 da 1882 ne suka ba matar aure damar mallakar abin da ta samu. A Faransa sai a 1965 matar aure ta sami ikon buɗe asusun banki ko kama aiki ba da izinin miji ba. A Amurka sai a 1974 aka hana bankuna nuna bambanci wajen ba da bashi saboda jinsi ko aure. A wajen mutanen da kakanninsu mata ba su mallaki komai ba, a sa sunan mace kusa da na miji a kan kuɗin gida ci gaba ne. Mu fa? Bahaushiya ta daɗe da abin hannunta. Tana da kayan ɗakinta, da awakinta, da adashinta, da asusun ƙasar da take fasawa gab da sallah. A ƙauye akwai gandu na gida, akwai gayauna ta mai ita. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna yadda matan kulle ke tafiyar da kasuwa sukutum daga cikin gidajensu, da jarinsu da ribarsu. Har gobe za ka ga mace ta sayi gyaɗa a hannun mijinta da farashin kasuwa, ta yi ƙuli-ƙuli da mai, shi kuma idan ya ranci kuɗinta ya biya. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin rashin ƙauna. A ce wa irin wannan mace ta juye abinta a tukunyar da ba ita kaɗai ke riƙe da murfin ba, a kira shi wayewa, ai an yi baya ba zani.

Ga wata tambaya da ban taɓa jin sun amsa ba: mai mata uku da wacce zai haɗa? Idan da uwargida ce kaɗai, ina adalci? Idan da kowacce zai buɗe nata, albashi ɗaya ya shiga tarayya uku, kowacce tana leƙen abin da aka zuba wa 'yar'uwarta. Idan kuwa duka huɗun ne a asusu guda, to Allah Ya kiyaye.

Suka ce: asusu ɗaya yana kawo gaskiya, kowa na ganin shige da fice. A nan sun cakuɗa abu biyu, sani da mallaka. Ina goyon bayan mace ta san abin da mijinta ke samu da bashin da ke kansa, shi ma ya san nata. Wannan hira ce ta tsakar dare, ba ta buƙatar manajan banki. Shi kuwa asusun haɗin gwiwa hanya biyu ake buɗe shi. Ko dai kowa na iya cire kuɗi da sa hannunsa shi kaɗai, wanda ke nufin ranar da aka yi faɗa ɗaya zai iya kwashe komai kafin la'asar. Ko kuma sai su biyun sun sa hannu, wanda ke nufin malamar makaranta ba za ta taɓa albashinta ba sai maigida ya yarda. Ku dubi yadda abin ke kasancewa a zahiri: lambar wayar da alat ke shiga tasa ce, katin ATM na cikin aljihun kaftaninsa. Ta tura wa mahaifiyarta dubu goma na magani, kafin ta ajiye waya ya kira daga kasuwa: "Na ga an cire kuɗi, lafiya?" Shi kuwa ya biya wa ƙaninsa kuɗin makaranta, ita ce mai jin nauyin tambaya. Sannu a hankali kuɗin cefane, wanda wajibinsa ne, ya koma fita daga albashinta ba tare da an taɓa zama an roƙe ta ba. Lokacin da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, izinin da aka ba ta shi ne ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa al'ada. An tabbatar mata da haƙƙin ciyarwa, dukiyar kuma ta ci gaba da zama tasa.

Sai batun bashi, wanda ba sa ambata. Tun daga watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin wanda ya ƙi biyan bashi zuwa asusunsa na wasu bankuna, ta lambarsa ta BVN. Asusun haɗin gwiwa kuwa lambobin su biyun yake ɗauke da su. Matar ɗan kasuwar da kayansa suka nutse, ko kotu ta sa a rufe masa asusu, gara a ce nata na gefe, ko ba komai yara za su ci abinci.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta mutuwa, kuma dole a saurare ta. Suka ce: miji ya rasu, banki ya rufe asusu, mace na takaba da marayu ana ta yawo tsakanin kotu da banki watanni kafin a sami takardar izinin fitar da kuɗin; da sunanta na kai da ba ta wulaƙanta ba. Wannan wahala gaskiya ce, duk mun gan ta. Amma mu ƙaddara misali. Asusu na da naira miliyan 8, miliyan 3 daga ciki albashinta ne da ta tara, miliyan 5 nasa. Ya bar mata biyu, da 'ya'ya, da mahaifiya. Idan dangi suka kafe cewa kuɗin mamaci ne duka, ita kuma ba ta da shaida, matan biyu za su raba tumuni, wato miliyan 1, ta tashi da 500,000, gumin shekarunta ya shiga rabon wasu. Idan kuma ta bi sharaɗin da takardun buɗe irin wannan asusu sukan ƙunsa, cewa wanda ya rage shi ke da iko da kuɗin, ta riƙe miliyan 8 ɗin, to halalinta a ciki miliyan 3 ne da 312,500 kawai. Sauran akwai sudusin tsohuwa, da rabon kishiyarta, da na marayu, waɗanda aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi wa mai cin dukiyarsu gargaɗi da wuta. Ko ta wace fuska aka bi, an jefa ta tsakanin a zalunce ta ko ta yi zalunci.

Kada a ce ai ya ba ta kyauta tun yana raye. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓe ta ta fita daga hannun mai bayarwa. Idan ya mutu kafin haka, ta koma gado. Kuɗin da yake iya cirewa har daren da ya cika bai fita daga hannunsa ba. Idan kuma aka ce nufinsa ta mallaka bayan ransa, ya zama wasiyya ga magaji, wadda ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda. Haka abin yake a ranar saki. Malamanmu sun ce idan ma'aurata suka yi jayayya a kan kayan gida ba shaida, abin da aka san na mata ne a ba ta da rantsuwarta, abin da ya dace da maza ko ya dace da su biyun a ba miji da tasa. Gado da kwanuka suna da alamar mai su. Naira ba ta da ita.

Abin da nake karɓa daga maganarsu ɗan kaɗan ne, kuma ya wadatar. A buɗe ƙaramin asusu na hidimar gida, miji ya riƙa zuba kuɗin cefane da na makaranta da na asibiti duk wata, katin na hannun matar, kowa ya san kuɗinsa ne ita wakiliya ce. Mai mata biyu ya yi wa kowacce haka. Idan ta ga dama ta taimaka, ta tura daga nata asusun, a faɗa da baki ko kyauta ce ko rance, rancen kuma a rubuta shi kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Mijin da ke tsoron matarsa ta wulaƙanta bayansa, ya tura mata abin da ya yi niyya cikin asusunta yau, yana da lafiyarsa, a gaban shaidu biyu, ya kuma sanar da ita bankunan da yake ajiya da mutanen da yake bi da masu binsa. Idan za su haɗa jari su sayi fili ko su buɗe shago, su rubuta kason kowa a takardar ciniki. Ko zakka sai da wannan rabewar take fita daidai, domin nisabi da cikar shekara a kan dukiyar kowane mutum ake lissafa su, ba a kan jimillar abin da ke gidan ba.