Tayil ba ya ƙara wa gida kuɗi

Jama'a, mai gyaran gida don ya sayar, don Allah ya rage zuba kuɗi a tayil da fenti. Ko a Lekki ta Legas, inda benaye ke bakin teku, wanda ya ga ambaliyar Yulin 2024 tambayarsa ta farko ita ce: ruwa yana shiga? Sannan ya duba ƙarafan da iskar gishiri ta ci.

Mu nan Madachi ba mu da teku, amma akwai damina, ga gara. Dillali zai yaba fenti, aikinsa ke nan, mai saye kuwa in yana da wayo sai Agusta zai zo dubawa. A sake kwanon da ke yoyo, a fitar da magudana, a gyara rijiya. Sai takarda: shaidar dagaci kaɗai ba ta kai ta KANGIS daraja ba, banki ma ba zai karɓe ta jingina ba.