Rumbun Tanadi da Ɗakin Ihtikari



Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga, ta gangara Shagari a wannan lokaci na kaka, ya kuma ratse zuwa ƙauyukan da ke kewaye da Horo Birni, idonsa ba zai rasa faɗawa kan abubuwa biyu ba: dammunan gero da magidanta ke jidowa daga gona suna ɗurawa cikin ruhewa kamar yadda suka gada daga iyaye da kakanni, da kuma motocin 'yan sari da ke tsaye bakin kasuwa ana yi musu lodin buhuna, waɗanda ba wanda ya san inda za su kwana, balle ranar da za a sake ganinsu. Ga mai hange daga nesa duka biyun ajiya ce, amma malaman fiƙihu sun raba musu suna, sun raba musu hukunci. Na farko suka kira shi iddihari, wato tanadi, suka halatta shi, na biyu kuwa, idan aka yi shi don a ƙuntata wa kasuwa har farashi ya hau, suka kira shi ihtikari, suka haramta shi.

Wajibi ne mu fara da ba tanadi haƙƙinsa, domin mutanen ƙasar nan ba su koyi gina rumbu don ado ba. Dattawa sun karɓi labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin waɗanda suka tsira daga gare ta, kuma da yawa daga cikin masu saurarona sun ga farin 1973 da idanunsu, lokacin da dabbobi suka riƙa faɗuwa a kan hanya, mutane suka bar garuruwansu suka tafi cin rani ba da niyyar komowa da wuri ba. Al'ummar da ruwan sama ke ziyartarta wata huɗu kacal a shekara, ba ta da wata dabara face ta ci kaɗan ta ajiye saura, shi ya sa Bahaushe ya ce ajiya maganin wata rana. Magidancin kirki a da yakan ware na ci daban, ya ware iri daban, ya kuma liƙe bakin wata ruhewa da laka, ba za a buɗe ta ba sai marka ta sauka, aikin gona ya yi tsanani, abinci ya yi ƙaranci a gari. Kuma abin lura ne cewa ba ya sussuke hatsin, a zangarniyarsa yake barinsa don ya daɗe bai lalace ba, wanda shi ne ainihin shawarar da Annabi Yusufu, alaihissalam, ya ba mutanen Masar a kan shekaru bakwai na yalwa da bakwai na ƙunci. Ya kuma tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kasance yana tanadar wa iyalinsa abincin shekara guda, saboda haka babu mai ikon cewa tanadi ya saɓa wa tawakkali.

Iyayenmu mata kuwa, a wannan fage, sun fi maza nisan hange. Uwa takan fara tara wa 'yarta kayan ɗaki tun yarinyar tana tallan gyaɗa, yau kwalla ɗaya, wata mai zuwa samira, bayan salla tasa ko sandar sabulu, tana turawa ƙarƙashin gado shekara da shekaru, har ranar da za a yi jere a ga abin da haƙuri ya tara. Takan shanya kuɓewa da kuka da tattasai lokacin da suke araha, ta ajiye kalwa don daddawa, ta yadda bazara ba za ta same ta da tukunya babu miya ba. Ban taɓa jin wanda ya kwana da yunwa saboda wata uwa ta tara kwalla ba, kuma wannan ita ce alamar farko ta ajiyar da ba ta da laifi.

To, a ina ne halal ɗin ke juyewa ya zama haram? Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi tafsili mai kyau a kan mas'alar. Sun ce manomin da ya ajiye abin da ya noma da guminsa ba a kiransa muhtakiri, wato mai ihtikari, haka nan wanda ya saya lokacin da kasuwa ke cike, sayensa bai cutar da kowa ba. Wanda hukuncin ya hau kansa shi ne mai kuɗin da ya shiga kasuwa lokacin ƙaranci ya share abin da ke cikinta, ya kulle, yana jiran ranar da larura za ta tilasta wa mutane su biya duk abin da ya yanka musu. A kan irinsa ne hadisi ya zo a Sahihu Muslim, ta hanyar Ma'amaru ɗan Abdullahi, inda aka siffanta mai wannan aiki da mai saɓo. Imamu Malik bai taƙaita hanin ga abinci kaɗai ba, ya shigar da duk abin da ɓoye shi ke cutar da mutane, don haka gishiri da sukari da man gyaɗa da sabulu da takin zamani duk suna ciki. Idan kuma yunwa ta kai matuƙa, shugaba yana da ikon tilasta wa mai kaya ya fito da abin da ya wuce bukatar gidansa ya sayar da shi kan farashin da ya dace. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu, domin a Bodinga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu Usmanu ke Sifawa, kuma daular da suka kafa ta san muƙamin muhtasibi, mai lura da mudu da ma'auni da gaskiyar ciniki a kasuwa.

Amma ni a ganina, akwai wani ma'auni da ya fi kusa da mutum fiye da littafi, kuma kowa yana iya auna kansa da shi a ɗakinsa ba tare da alƙali ba. Mutum ya tambayi zuciyarsa, idan hadari ya taso a watan Yuli, ruwa ya sauka, gero ya yi kyau, aka ce farashi zai faɗi, shin murna yake yi ko ransa ɓaci yake? Mai tanadi yana fita roƙon ruwa tare da jama'a da zuciya ɗaya, domin yalwa ba ta rage masa komai. Wanda ya kulle buhu ɗari yana jiran tsada kuwa, ko da ya tsaya a sahun gaba a masallaci, maslaharsa ta riga ta rabu da ta maƙwabtansa, ribarsa tana rataye da kukan 'ya'yansu, kuma ban san wata musiba da ta fi wannan ga mai imani ba.

Hukuma ta sha gwada ƙarfi a kan wannan ciwo. A 1984, bayan an hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki namu, sojoji sun fasa ɗakunan ajiya sun sayar da kayan masarufi kan farashin gwamnati, mutane suka yi ta bin layin madara da sukari da sabulu, amma ƙarancin bai gushe ba. A watan Fabrairu na 2024 kuma, bayan cire tallafin man fetur ya ɗaga farashin komai, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Irin wannan mataki yana da muhallinsa idan an yi shi da bincike da adalci, sai dai yana zuwa ne bayan an riga an sha wuya.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin ihtikari da ba mu cika zargin kanmu da shi ba, wato na cikin gida. Na taɓa tsayawa a wani kanti ana saura kwana kaɗan azumi, jita-jita ta bazu cewa sukari zai yanke, sai wani mai hali ya kwashe duk abin da ya rage, alhali gidansa ba zai sha rabinsa ba kafin salla, ga wata tsohuwa tsaye a bayansa da kuɗin gwangwani ɗaya a ƙulle a bakin zanenta, ta juya hannu wofi. Wannan bawan Allah ba ɗan kasuwa ba ne, tsoro ne ya kora shi, amma idan magidanta hamsin suka yi irin nasa a rana ɗaya, ƙarancin da ake tsoro sai ya tabbata da hannunsu. Sau da yawa kuma abin da aka tara ɗin ƙwari da ɓera da danshi ne ke gadonsa.

Ƙofar da mai ihtikari ya fi shigowa ta cikinta ita ce rumbun da mai shi ya wofintar da kansa. Manomi yakan sayar da geronsa da araha a kaka don biki ko bashi ko sha'awar babur, sa'an nan ya komo a marka ya sayi nasa na jiya da tsada, ko ya ci bashin buhu ɗaya da sharaɗin biyan biyu, wanda riba ce tsantsa da shari'a ta haramta.

Saboda haka ina kira ga manoman Horo Birni da Ɗandin Mahe da Sifawa da sauran ƙasashen Shagari da Bodinga: kafin buhu ɗaya ya fita kasuwa, a auna abincin gida na shekara a ware, a ware iri, wanda nomansa ya kai nisabi na wusƙi biyar, wato sa'i 300, ya fitar da ushura ya miƙa ga mabukata. Limamai su karantar da babin ihtikari tun yanzu da hatsi ke ƙasa, hakimai da sarakunan kasuwa su san masu saye da inda ake kai kayan. Attajiran da Allah ya hore wa ɗakunan ajiya kuwa, ina roƙonku da ku buɗe su idan marka ta sauka, ku sayar da riba mai sauƙi ga mutanen da kuke salla tare da su.