Ina Matanmu Za Su Haihu? Magana ga Dattawa da Magidanta



Akwai wata magana da ba a cika kawo ta gaban majalisar dattawa ba. Ana zama a kan rufin majami'a, da albashin mai bishara, da rikicin iyakar gona, da wanda za a sa ƙarƙashin horo. Amma inda matar ɗan ikkilisiya za ta haihu, wannan an bar wa mata, su kuma matan kunya ta hana su faɗa. Sai daren da naƙuda ta yi tsanani a buga wa Fasto ƙofa, a fara neman mota. Ra'ayinmu shi ne, a ikkilisiyoyinmu na ƙauyukan Shanono da Bagwai da Tsanyawa, zaɓen wurin haihuwa ya zama maganar da ake gamawa tun ciki yana wata bakwai, da sanin maigida, da sanin Zumuntar Mata, da sanin dattawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma, cikin haihuwa 100, kimanin 16 kaɗai aka yi a asibiti. Ba a raba waɗannan alƙaluma bisa addini ba, kuma ba mu da dalilin zaton mun fita daga cikinsu. Hanya ɗaya muke bi da maƙwabtanmu, rijiya ɗaya, ungozoma ɗaya.

Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun na gwamnati ne da ma'aikata. Amma biyun farko a tsakar gidanmu suke faruwa da kan hanyarmu, kuma a nan ne ikkilisiya take da abin yi.

Da yawa cikinmu idan aka ce asibiti, duk ginin da ke da farin fenti da mai farar riga a ciki asibiti ne. Ba haka ba ne. Ƙaramin asibitin mazaɓa yana da amfaninsa, kuma babba ne: a can ake awo, a gwada hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro, a yi rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, kuma wurin da ke kusa da gida shi ne zai sa hakan ta yiwu. Haihuwar da ta zo da sauƙi ma ana karɓarta a can idan akwai ƙwararriyar ungozoma. Abin da ƙaramin asibiti ba zai iya ba shi ne aiki, wato tiyata, da ƙarin jini. Don waɗannan sai babban asibiti, irin na Gwarzo ko na Bichi, in kuwa abin ya gagara sai Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Saboda haka maigida ya tafi da kansa, da rana tsaka, tun matarsa tana da ƙarfi, ya yi tambaya da ladabi. Da dare akwai mai karɓar haihuwa a nan, ko da la'asar ake rufewa? Idan jini ya ɓalle, me kuke da shi a hannu? Idan ya gagare ku, ina kuke turawa, kuma da wace mota? Ma'aikaci na gari ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya ji haushi kuwa, ya riga ya ba ku amsa.

Bari mu tsaya a kan maganar jini, gama ita ce ta fi gaggawa. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu. Ma'aunin da likitoci ke ɗauka a matsayin haɗari shi ne rabin lita, kimanin leda ɗaya ta fiya-wata. A ɗakin ƙasa, da fitilar hannu, jinin yana shiga zane da tabarma, ba mai iya cewa nawa ya zuba sai an ga idonta yana juyawa. Ko a asibiti ma kallon ido yana ruɗin ma'aikata. Shi ya sa binciken da aka buga a 2023 yake da muhimmanci, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, da zarar ya kai layi sai a haɗa magunguna da murza mahaifa a lokaci guda. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Leda ce kawai da horo. Ba laifi ba ne a tambaya ko asibitin da za ku zaɓa yana amfani da ita.

Haka ma jijjiga. Iyayenmu da sun ga mai ciki ta faɗi tana kakkarwa sai su ce iska ce, wasunmu kuma yau sai su ce aljani ne a fara tsawata masa. Hawan jini ne na masu ciki, kuma yakan aiko da saƙo tukuna: kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi. Akwai allurarsa, magnesium sulphate, mai araha. A 2008 aka shigar da ita a asibitoci goma na gwamnatin Jihar Kano, mutuwar masu jijjiga kuwa ta faɗi warwas a waɗannan asibitoci. Wurin da ba ya ajiye wannan allura bai isa a kai masa mai kumburi ba.

Yanzu ga maganar da ake yi a ƙasa-ƙasa bayan sujada. Wasu 'yan'uwa suna cewa ba sa son asibitin gwamnati domin da an ji sunan Rifkatu ko Saratu, ko an ga ɗankwalin Zumunta, sai fuska ta canja. Ba za mu ce ba a taɓa yi wa kowa haka ba. Wanda aka wulaƙanta ya san abin da ya ji, kuma mu da muke tsiraru mun san irin wannan kallo a wasu ofisoshi. Amma mu auna abin da wannan tsoro yake jawowa. Yakan sa a zauna a gida. Ko kuma ya sa a tsallake babban asibiti na kusa a nufi wani ɗan asibitin kuɗi a birni domin an ji mai shi Kirista ne, ba a tambaya ko yana da jini ko likitan tiyata ba. Sa'an nan idan abin ya ɓaci, shi ma ɗin asibitin gwamnati zai tura ku, bayan an ɓata sa'o'i da kuɗin buhun gero. Ayar da aka rataye a bangon asibiti ba ta tsayar da jini. Mu Hausawa ne, 'yan ƙasa, harshenmu ɗaya da malaman asibitin nan, da harajinmu aka gina su. Yawancinsu kuwa suna aiki da tsoron Allah cikin ƙarancin kaya da yawan jama'a, tsawar da suke yi ma ba ta bambanta Maryamu da Maryam. Maganin wulaƙanci shi ne kada mace ta je ita kaɗai, kuma kada ta je baƙuwa. Wadda ta yi awo a wuri, tana da kati, an san fuskarta, tana tare da wata dattijuwa ta Zumunta mai iya magana, ba a cika yi mata abin da ake yi wa wadda aka kawo tsakar dare ba takarda ba.

Muna alfahari da aikin asibiti na bishara, kuma ya cancanta. Asibitin ido na ECWA a Kano, asibitin Wusasa a Zariya, asibitin Galmi a Nijar da SIM ta buɗe a 1950, duka shaida ce. Sai dai na Kano na ido ne, sauran kuma mai naƙuda daga Shanono ba za ta kai su ba.

Sai maganar addu'a. Akwai masu koyar da cewa wadda aka yi wa aiki bangaskiyarta ce ta kasa, har a riƙe mace a ɗakin addu'a kwana biyu tana naƙuda ana jiran ta haihu kamar matan Ibraniyawa. Dattawa, wannan koyarwa ce da ya kamata ku tsawata a kanta daga bagade. Labarin da suke jingina da shi a Fitowa sura 1 labarin ungozomai ne, Shifra da Fu'a, waɗanda Allah ya yi wa alheri saboda aikinsu. Rahila matar Yakubu, wadda ba wanda zai ce Allah bai san ta ba, a wurin haihuwar Biliyaminu ta rasu, a kan hanya. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Idan kan jariri ya fi ƙugun uwa, ko ya kwanta a gicciye, babu yawan yunƙurin da zai fitar da shi. Abin da doguwar naƙuda ke bari shi ne gawar jariri da yoyon fitsari. Duk wanda ya taɓa kai 'yarsa Babbar Ruga a Katsina, ko cibiyar Laure a asibitin Murtala, ko Jankwano a Jos, ya ga 'yan mata nawa ke jiran gyara. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta ta wuce zaman gida. A yi addu'a, i, a cikin mota, a bakin ɗakin tiyata. Kuma a guji allurar naƙuda da ake kiran mai kemis ya yi a gida domin a gaggauta haihuwa, gama tana iya fasa mahaifa.

Iyayenmu mata, ba mu raina ungozomar gargajiya ba. Ita ta yanke wa yawancinmu cibiya. Amma aikinta mafi daraja yau shi ne ta gane haɗari da wuri ta ce a tashi, ta kuma raka. Kunyar ɗan fari da ke sa yarinya ta ɓoye naƙuda har sai ta kasa tsayuwa, wannan ku ne kaɗai za ku iya cire mata, tun a taron Zumunta.

Akwai kuma abin da ya sauya lissafi a ƙasarmu. A ƙarshen 2025 'yan bindiga da ke ƙetarowa daga ɓangaren Katsina suka kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, har da Faruruwa. Wanda ya ga wannan ba zai dogara ga cewa zai sami direban da zai fito ƙarfe biyu na dare ba. Ga damina kuma, da hanyoyin da ruwa ke yankewa. Muna da al'adar goyon ciki, inda mace ke komawa gidan iyayenta ta haihu. Mu juya ta kaɗan: wadda aka ce cikinta yana da haɗari ta koma kusa da babban asibiti makonni biyu ko uku kafin lokacinta. Wato mai cikin fari da ƙuruciya, da wadda ta haihu biyar ko fiye, da wadda aka taɓa yi wa aiki, da mai tagwaye, da mai hawan jini. Ikkilisiyoyinmu na cikin gari su buɗe ɗaki ɗaya domin wannan. Muna saukar da baƙin taron gunduma kwana uku da abinci, ba za mu kasa saukar da mace ɗaya da mai rakiyarta ba.

Kuɗi fa? Tun 2001 gwamnatin Jihar Kano ta shelanta kula da masu haihuwa kyauta, a Nuwamba 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Mu nemi haƙƙinmu a cikin waɗannan, a tambaya tun wurin awo yadda ake shiga da takardun da ake bukata. Amma kowane magidanci ya san kyauta ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya, wani lokaci kuma maganin ya ƙare sai an saya a waje. Shawararmu ita ce kowace ikkilisiya ta ware wani kaso daga baikon godiyar kaka ya zama asusun haihuwa, a hannun ma'ajin Zumuntar Mata, kuɗi a hannu ba hatsi a rumbu ba, domin ba a sayar da dawa da tsakar dare. A ba da rance ba ruwa, a biya bayan suna.

Jini kuma ba a saye shi kamar gishiri. Yawancin asibitoci sukan ce dangi su kawo mai bayarwa. Matasanmu da ke da ƙarfin buga ganga daren Kirsimeti har asuba su je a gwada rukunin jininsu, sakataren ikkilisiya ya rubuta sunaye da lambobin waya a littafi ɗaya da na direbobi biyu da aka yi magana da su tun da wuri. Direban ba lalle sai ɗan ikkilisiya ba. A wasu jihohin Arewa, kamar Katsina da Jigawa, an yi shirin da direbobin ƙungiyar NURTW suke ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, mu ma muna iya zama da shugaban tasha mu daidaita. Idan maƙwabciyarmu Musulma ce ta shiga wannan hali, littafin nan nata ne ita ma.

Muna roƙon kowane Fasto da mai bishara ya sa wannan a jerin maganganun zaman dattawa mai zuwa, a kuma gayyaci shugabar Zumuntar Mata ta zo da adadin masu ciki da ke cikin ikkilisiya da watan da kowacce take sa rai.