Alƙalin Wasa Da Na'ura: A Sayi Sikelin Da Aljihu Zai Ɗauka

Duk wanda ya shiga gidan kallon ƙwallo a Jakusko, ko Gashuwa, ko Nguru a yammacin Asabar, zai tarar da wata 'yar kasuwa tana ci. Mai gidan ya biya kuɗin tasha, ya sayi man janareto, mai shayi da mai tsire sun kafa a ƙofa, matasa kuwa sun biya kuɗin shiga don kallon gasar Firimiya ta Ingila. Da zarar alƙalin wasa ya zana akwati a iska, sai ɗaki ya yi tsit, kowa na jiran hukuncin na'urar VAR. Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan kuɗi yake tafiya waje, alhali muna da tamu gasar a gida?

Amsar tana kasuwar hatsi. Ɗan kasuwar da ke awon gero a Gashuwa ya san cewa ranar da aka fara zargin mudunsa, ranar ce cinikinsa ya fara mutuwa. Haka ƙwallo take. Hajar da ake sayar wa ɗan kallo ita ce tabbacin cewa ba a san wanda zai ci ba sai an tashi. Alƙalin wasa shi ne mudun, na'ura kuwa sikeli ce da ake gwada shi da ita.

Mu 'yan Nijeriya mun ɗanɗana ɗacin rashin wannan sikeli. A wasan ƙarshe na cin kofin Afirka a Legas cikin Fabrairun 2000, bugun fanareti na Victor Ikpeba ya daki ƙarfe ya faɗa bayan layi, alƙali ya ce ba a ci ba, Kamaru ta tafi da kofi. Irin haka ta sami Frank Lampard na Ingila a karawarsu da Jamus a 2010, abin da ya sa aka amince da na'urar layin raga a 2012. VAR kuwa ta shiga dokokin wasa a 2018, aka yi aiki da ita a gasar cin kofin duniya ta Rasha, Firimiya ta bi sahu a 2019. Ko da ƙungiyar Wolves ta nemi a soke ta a 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka ƙi. Masu dukiya sun san abin da ke tsare musu dukiya.

To amma fa sikelin da tsada. Ana bukatar kyamarori da yawa a kowane fili, da ɗakin sa ido, da ƙarin alƙalai masu horo, da wutar da ba ta ɗaukewa. Sayen na'ura ba tare da kuɗin kula da ita ba ya fi rashinta muni. A Mayun 2019, a wasan ƙarshe na zakarun Afirka a Tunisiya, an soke ƙwallon Wydad ta Maroko a ragar Esperance, aka nemi VAR aka tarar ba ta aiki, 'yan Wydad suka ƙi ci gaba da wasa.

Bisa ga haka, ra'ayinmu shi ne daidai ruwa, daidai tsaki. Matakin farko, hukumar NFF da masu gudanar da gasar NPFL su tabbatar ana ɗaukar hoton kowane wasa, domin hoton da zai taimaki alƙali shi ne kuma hajar da za a sayar wa gidajen talabijin da masu talla. Na biyu, a biya alƙalai haƙƙinsu a kan kari, a tsare lafiyarsu, don na'ura ba ta maganin tsoro ko kwaɗayi. Na uku, a dubi tsarin nan mai rahusa da FIFA ta gwada a gasar mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, inda kyamarori kaɗan suka wadatar, kuma koci ne ke neman a sake duba hukunci. Jinkiri ma da tasa hasarar: babu alƙalin Nijeriya ko ɗaya a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024.

Ga attajiranmu kuwa, wannan ƙofar zuba jari ce: hayar kyamarori, wutar sola a filaye, da tallar kaya. Ranar da matashin Jakusko ya yarda cewa wasan Yobe Desert Stars a Damaturu ba a gama shi tun kafin a busa usur ba, zai biya ya kalla, kuɗin kuma ya zauna a gida. Allah Ya sa mu dace.