Shaidar Wanda Bai Gani Ba

Ran 29 ga Sha'aban, da an sallame Magariba, akan ga dattawa da samari a unguwannin Hausawa na Agege sun hau bene, sun zuba ido yamma suna duban jinjirin wata. Galibi ba su ganin kome, domin gajimare da hayaƙi da hasken lantarki sun yi wa sararin Ikko yawa. Sai a sauko a kasa kunne ga sanarwar da za ta fito daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. To, amma wanda ya duba da kyau, ya kuma faɗi gaskiya cewa bai gani ba, shi ma ya ba da shaida. Akwai wani aiki na masanan taurari da ya dogara a kan irin wannan shaidar, kuma yawancin masu yinsa ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kurum.

Ga yadda abin yake. Ban da manyan duniyoyi, akwai duwatsu bila adadin da ke kewaya rana, akasarinsu tsakanin Mirrihi da Mushtari. An gano na farkonsu, watau Ceres, a 1801. Saboda ƙanƙantarsu da nisansu, ko a babban madubin hangen nesa yawancinsu ɗigon haske ne kawai, ba a gane siffarsu. Amma lokaci lokaci ɗayansu yakan gifta ta gaban wani tauraro, ya tare haskensa kamar yadda wata ke tare rana in an yi husufi. Inuwarsa, wadda faɗinta daidai yake da faɗin dutsen, sai ta sheƙa a kan doron ƙasa. Wanda inuwar ta bi ta kansa zai ga tauraron ya ɗauke farat ɗaya, bayan 'yan sakan ya dawo.

Aikin mai duba shi ne ya riƙe lokacin ɗaukewar da na dawowar. Idan, a misali, inuwar tana gudun kilomita 15 a sakan, tauraron kuwa ya ɓace na sakan 2, ke nan dutsen ya kai kilomita 30 ta wannan gefen. Na kusa da shi, da ke tsaye can gaba, zai sami wani awon dabam. In aka jera awon mutum goma ko ashirin a takarda, sai siffar dutsen ta fito. Shi kuwa na can bakin layi, wanda ya kwana a daji tauraro bai ko ƙifta masa ba, shi ne ya nuna inda dutsen ya ƙare. In da zai ji kunyar komowa hannu rabbana ya ce ya gani, da ya ɓata aikin kowa.

A da, rediyo mai buga sakan da rikoda ake aza wa kusa da madubi, mutum ya yi ihu da tauraro ya ɓace, ya sake yi da ya dawo. Yanzu kyamara ke ɗauka, tana samun lokaci daga tauraron ɗan Adam. Kumbon Gaia, wanda Turawa suka harba a 2013, ya auna mazaunin taurari sosai, har ana iya faɗin inda inuwa za ta bi tun da sauran watanni.

Maƙwabtanmu na Senegal sun riga sun shiga wannan fage. Ran 4 ga Agusta 2018 hukumar NASA ta Amurka ta kai madubai ƙasar, 'yan ƙasa da baƙi suka bazu cikin karkara domin su tare inuwar wani dutse mai suna Arrokoth, wanda ke can bayan dukan manyan duniyoyi. Tsakiyar damina ce, gajimare ya rufe wa mafi yawansu, madubai biyu ne suka dace. Awon nan ya taimaka wa kumbon New Horizons ya wuce daf da dutsen ran 1 ga Janairu 2019, hotonsa kuwa ya tabbatar da abin da masu duba suka zana tun 2017 a Ajantina: curi biyu ne manne da juna. A Satumban 2020 aka sake yin haka a Senegal saboda dutsen Polymele, wanda aka harba kumbon Lucy a 2021 domin ya ziyarta. Maram Kaire, wanda ya shugabanci aikin daga ɓangaren Senegal, har an raɗa wa wani dutsen sunansa.

Nijeriya ba ta rasa masana ba. Tana da hukumar binciken sararin sama tun 1999, da cibiyar nazarin taurari a Nsukka. Sai dai wannan aiki ya fi bukatar jama'a da masauki. A Ajantina sai da mutanen gari suka kashe fitilu, aka tsai da motoci a hanya, aka jera manyan motoci su tare wa madubai iska. Baƙon da ya sauka bakin ƙauye da tsakar dare yana kafa wani abu mai kama da igwa, lalle yana bukatar wanda zai gaya wa mai gari ko shi wane ne.

Nan ne Agege take da abin bayarwa. Fataucin goro da na shanu, da layin dogon da ya isa Kano a 1911, sun bar zangon Hausawa a jere daga Agege zuwa Shagamu, Sabo ta Ibadan, Ilori, Jabba, har Kaduna da Zariya, ko'ina da mai gidan da ya saba saukar baƙi. Inuwar nan sau da yawa tsakanin gabas da yamma take bi, saboda haka jerin da ya miƙe daga kudu zuwa arewa shi ake nema. Wanda gajimaren Ikko ya hana shi, ɗan'uwansa na Zariya yana da sarari garau daga ɗaukewar ruwa har kafin hazo ya sauko. In tauraron mai haske ne, ƙaramin madubi ya isa, kuma ƙungiyar duniya ta masu wannan awo, wadda aka kafa a 1975, tana karɓar rahoton malamin makaranta ko ɗan tireda, muddin ya rubuta inda ya tsaya da lokacin da ya duba.