Tseren Texel: wanda ya riga isowa ba lalle shi ne ya ci ba

A arewacin ƙasar Holand akwai wani tsibiri da ake kira Texel, wanda makiyayan Turai suka sani saboda tumakinsa masu tsoka. Amma a watan Yuni ba zancen tumaki ake yi can ba. Tun shekarar 1978 ake shirya tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, suna kewaya tsibirin gaba ɗaya, tafiyar kilomita wajen 100, kuma ɗaruruwan jirage ne ke tashi a lokaci guda. Ƙungiyar matuƙa ta gaɓar tekun wurin, Westerslag, ita ce ƙashin bayan wanga aiki, mafi yawan masu yi mata hidima kuwa ƴan sa kai ne.

Irin jirgin da ake tseren da shi, sunansa katamaran. Kalmar daga harshen Tamil na kudancin Indiya ta fito, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure tare. Mai karatu ya ƙaddara kwale-kwale biyu sirara an jera su, an haɗa su da ƙarafa biyu, an shimfiɗa tamfol a tsakani inda mutum biyu za su zauna, sa'an nan an kafa dogon sanda an ɗaura masa manyan ƙyallaye masu kama iska. Babu inji, babu ɗaki, babu wurin fakewa. Idan iska ta yi ƙarfi sai ɓari ɗaya ya tashi daga ruwa, matuƙan su rataya jikinsu a waje da igiya, ƙafafu kawai ke taɓa gefen jirgi, don nauyinsu ya hana shi kifewa. Wani Ba'amurke mai suna Hobie Alter ne ya sa irin wanga jirgi ya shiga hannun talaka, da ya fitar da Hobie 14 a 1968, ƙarami, marar nauyi, wanda ake iya jawowa bisa rairayi ba tare da neman tashar jirage ba.

Daga bisa rairayin ake farawa, kusa da garin De Koog, a wurin da ake kira Turke na 17, don an kakkafa turaka masu lamba a tsawon gaɓar. Jarrabawar farko ita ce ƙetare igiyar ruwan da ke karyewa a bakin gaɓa. Mutum ya yi shekara yana tanadi, ya jawo jirginsa da mota tun daga Jamus ko Faransa, igiyar ruwa guda ta juye shi, sanda ya karye, tserensa ya ƙare tun ba a ba da alamar tashi ba. Waɗanda suka tsira sai su nufi arewa har hasumiyar fitila da ke ƙarshen tsibirin, su karya dama su shiga tekun Wadden.

Nan ne ake bambanta gwani da mai ƙarfin hali kawai. Tekun Wadden ba shi da zurfi. Sau biyu a yini ruwa ke cikowa ya janye, idan ya janye kuwa tuddan yashi da laka ne ke bayyana a inda ɗazu jirage ke wucewa. Saboda haka ba masu shiri ke zaɓen sa'ar tashi yadda suka ga dama ba, lokacin cikar ruwa ke zaɓa musu. Wanda ya yi jinkiri a kan hanya zai tarar ruwan ya fara gudu daga ƙarƙashinsa, wanda ya ce zai yanke hanya kuma sai ya ji jirginsa ya kafe cikin yashi, yana kallon abokan tserensa suna shigewa. Bayan an wuce garin Oudeschild sai mashigin Marsdiep, inda ruwa ke gudu kamar kogi a damina, ga kuma babban jirgin fito mai kai da komowa tsakanin tsibirin da Den Helder. Daga nan a sake fita babban teku, a koma Turke na 17. Akwai shekarun da iska ta yi muni har aka fasa tseren, mutane suka naɗe kayansu suka koma gida.

To, abin da ya fi cancantar a tsaya kansa shi ne yadda ake fidda wanda ya ci. Jiragen ba iri ɗaya ba ne: ga sabon jirgi mai tsada na ƙwararru, ga tsohon Hobie na wani uba da ɗiyarsa. Da isowa kawai ake dubawa, da aljihu ne zai riƙa cin tseren kowace shekara. Sai aka ƙirƙiro wani awo da ya ɗauki sunan tsibirin, wanda ƙungiyoyin tsere da dama suka ara. Ana auna tsawon jirgi, da nauyinsa, da faɗin ƙyallayensa, da yawan mutanen da ke kansa, a fitar masa da lamba. Jirgi mai gudu lambarsa ƙarama ce. Bayan isowa sai a ninka lokacin kowa sau 100, a raba da lambarsa. A ce mai lamba 100 ya iso cikin minti 180, mai lamba 120 kuma ya iso cikin minti 210. Lissafi zai bar na farko da 180 ɗinsa, ya mai da na biyu 175. Ke nan wanda ya iso bayan rabin awa, an riga an watse daga tafi, shi ne ya fi.

Ba a ce awon ba shi da aibi ba. Tiya ce da ke auna jirgi, ba ta auna iska. Ranar da iska ta kwanta da la'asar, ko ruwa ya juya kafin ƙananan jirage su fita daga Wadden, babu lissafin da zai mayar musu da abin da suka rasa. Ga kuma sababbin jirage masu fikafikai a ƙarƙashi, waɗanda ke ɗaga jirgin sama da ruwa ya yi ta shawagi, sun ƙara wa masu awo ciwon kai, don gudunsu cikin iska mai ƙarfi da marar ƙarfi ba ya bin ƙa'ida ɗaya.

Masu ɗaukar hoto dai wanda ya fara isowa suke tara, shi ma da tasa lambar yabo. Sauran kuwa sukan jawo jiragensu bisa rairayi, hannuwa sun yi kanta, jiki yana ɓari don sanyin tekun Arewa, su tsaya jiran a gama lissafi.